Rasuwar Lofen Hambali a Hanyar Birnin Kudu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da takaicin da ya ƙi haɗiyuwa, Hambali mai jaki na Kwandiko yake sanar da 'yan'uwa da abokan fatauci rasuwar lofensa na shan taba, wanda ya cika da hantsi a hanyar kasuwar Birnin Kudu, ko ciwon kai bai yi ba.

Marigayin ɗan yumɓu ne, wani maginin tukwane a Fagam ya gina shi, aka sa masa doguwar gora. Mai haƙuri ne, ba ya zaɓen taba, wadda aka ɗura masa ita yake ci. Ba a san shi da surutu ba, sai "ƙurr-ƙurr" in an ja shi, sai "fuf" in ya gaji.

Sai dai bawan Allah bai taɓa samun mazauni a kan jaki ba. Hannun Hambali ɗaya na kan sanda, ɗaya na tallafe da mangalar dawa. Aka sa shi a aljihu, ya huda riga. Aka cusa shi a hula, ya toye ƙoƙon kai. Aka riƙe shi da haƙora, jaki ya yi tuntuɓe, haƙorin gaba ya tafi. Duk Hambali ya jure. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, kada surukinsa Malam Salihu, mahaifin matarsa Batulu, ya gan shi yana busa hayaƙi. Tun da aka ɗaura auren yake wannan ɓoyo kamar ɓarawon kaza.

Ranar da ajali ya zo, lofe ya kama wuta ke nan, yana daɗi, sai ga Malam Salihu ya ɓullo daga bayan wata kuka. To, ai ba a gai da suruki daga kan dabba. Hambali ya diro, ya cusa lofen da wutarsa ƙarƙashin akumarin bayan jaki, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Dattijon kuwa gwanin doguwar gaisuwa ne. Ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi tumaki, ya sake komawa kan gida. Hambali na amsawa, zufa na keto masa, hayaƙi na tashi a bayansa. Da garwashi ya kai fata, jaki ya kurma kuka, ya yi tutsu, ya watsar da dawa. Lofe ya faɗo, kofato ya bi ta kansa. Maganarsa ta ƙarshe ita ce "ƙwas".

Ya rasu ya bar battar taba, da ƙyastu, da riga mai huji, da jaki mai tabo wanda har yau bai nuna nadama ba.

Abin da ya fi ƙona wa Hambali rai shi ne ta'aziyyar surukin. Washegari ya aiko Batulu da guntun gorar da ya tsinta, da ƙunshin taba mai kyau, wai tun ranar neman aure ya ji warinta a rigar Hambali, bai kuma taɓa damuwa ba. Ashe marigayi a banza ya mutu!

Za a binne gutsattsarinsa a gindin tsamiyar bayan gida, bayan la'asar. Zaman makoki a zaure. Ana roƙon kada kowa ya zo da nasa lofen, kada kuma a kawo taba. Akwai ta, ƙunshi guda, ƙamshinta har ƙofar gida. Abin da za a sha ta a ciki ne babu.