Malam Can-Waje da Jar Fitila

Duk wanda bai san Malam Can-Waje ba, to bai san fim ba, kuma laifinsa ne. Shi ne shugaban sashen hoto da fim a kwalejinmu, mutumin da iliminsa ya fi ƙarfin aji, shi ya sa ba ya shiga. Da ƙuruciya ya taɓa zuwa wani ɗan gajeren kwas a ƙetare, ya dawo da mayafin wuya da yake naɗawa ko ana zuba gumi, da kalmar da ta zame masa suna. Ko ruwa ka miƙa masa sai ya ce, "Can waje ba haka ake miƙa ruwa ba."

Kyamarorin da wata makarantar ƙetare ta aiko wa sashen kyauta suna cikin kabad ɗin ofishinsa a kulle, don kada ɗalibai su tsufar da su. Ɗalibai kuwa da wayoyinsu suke koyon aiki.

Ana nan sai makarantar ta ce za ta karɓi ɗalibi ɗaya a shirin musayar ɗalibai. Malamanta biyu za su zo su kalli gajerun fina-finan sashen, su zaɓa da kansu. Kowa ya san wa ya dace: 'Yar Tela, wadda ta yi wata da watanni tana ɗaukar hannuwan mahaifiyarta a kan keken ɗinki, da waya mai tsagaggen gilashi. Ta miƙa fim ɗinta. Malam ya karɓa, ya sa mata albarka, ya jefa a durowa tare da na sauran.

Ai shi ma yana da ɗan takara: ƙanin matarsa, Ɗan Gata, wanda aka cuso sashen bayan sauran sassa sun gaji da shi. Kuma wane labari ne ya cancanci duniya ta gani, in ba rayuwar Malam ba?

Ranar ɗauka aka buɗe kabad, aka kakkaɓe ƙura, aka kafa kyamara a gaban teburinsa. Aikinta ba wuya. Maɓalli ɗaya ne: ka danna ta fara ɗauka, jar fitila ta kama, ka sake dannawa ta tsaya.

"In na ɗaga yatsa ka danna," in ji Malam. "In na sauke ka sake dannawa. Can waje darakta ba ya ihu."

Ɗan Gata ya ce, "To, Yaya," idonsa na kan wayarsa.

Malam ya ɗaga yatsa, ya shaƙi iska, ya kalli rufin ɗaki. "Ni da haske mun daɗe da sanin juna. Lokacin da na sauka can waje, manyan malamansu shiru suka yi, don sun ga ido." Haka aka wuni, yatsa na hawa yana sauka.

Malamin tace fim ya nemi a ba shi aikin ya duba. Malam ya yi masa kallon tausayi. "Tacewa? A maganata wace kalma ce za a zubar?" Ba wanda ya kalli fim ɗin, har shi kansa, don gwani ba ya duba aikinsa.

Baƙi suka iso, da mai yi musu tafinta. Malam ya sanar da su, cikin alhini, cewa bana fim ɗaya ne ya kai a nuna. 'Yar Tela tana kujerar baya, tana kallon ƙasa. Aka kashe fitilu.

Ga Malam a bango, ƙato, yana ƙoƙarin shanye tumbinsa.

Ashe tun wajen kafa kyamara Ɗan Gata ya danna maɓallin bai sani ba. Daga nan komai ya juye: in Malam ya ɗaga yatsa kyamara ta tsaya, in ya sauke ta kama aiki. Ko kalma ɗaya ta jawabin ba ta shiga ba. Abin da ya shiga shi ne Malam yana sakace, Malam yana gwada fuskar tunani, Malam yana tambaya, "Tumbin ya fito? Ɗaga ta sama kaɗan." Sannan Malam ya miƙe ƙafa a kan tebur yana ce wa Ɗan Gata, "Kai dai ka nemi rigar sanyi. Fina-finan sauran ɗalibai suna durowar nan. Na yarinyar nan ma na kalla, in suka gan shi kashinmu ya bushe. Ka gaya wa yayarka na cika alkawari."

Tafintan, bawan Allah mai riƙon amana, ya fassara wa baƙi har da tumbin.

Da fitilu suka dawo, babbar cikin baƙin ta share hawayen dariya, ta miƙa wa Malam tafin hannu. Ya ɗauka gaisuwa ce, ya miƙa nasa. Tafinta ya ce, "Ranka ya daɗe, makullin durowar take nema."

'Yar Tela aka zaɓa. Ta tafi da jakar da mahaifiyarta ta ɗinka mata. Malam yana gaya wa duk mai kunne cewa shi ya gano ta.

Baƙin dai ba su yi masa rowa ba, sun tafi da nasa fim ɗin ma. Mun ji da shi ake buɗe wa sababbin ɗalibai darasin farko, a kan duba jar fitila kafin a fara ɗauka. Burin Malam ya cika. Yanzu can waje ba ɗalibin da bai san tumbinsa ba.