Jazuli da Kunu Mai Ruwan Hoda

Wani mutum ne a Funtuwa, sunansa Jazuli, ya je Dubai ya yi kwas na sati biyu a kan dabarun tafiyar da kamfani. A cikin sati biyun ma, kwana huɗu zazzaɓi ne ya kwantar da shi a otal. Amma tunda ya dawo kunnen gari bai huta ba. Ko shayi zai sha sai ya yi wa mai shayi lacca a kan yadda ake kama kasuwa a ƙasashe masu tasowa. Kwat a jikinsa ko da rana tana narka kwalta. A cewarsa, da za a ba shi riƙon kasuwancin Afirka, wata shida ya yi masa yawa.

Hajiya Tabawa kuwa shekararta ashirin da ƙaramar masana'antar garin kunun gyaɗa, tana sayarwa a ƙullin leda. Sai kasuwa ta fara ja baya. Man janareta ya yi tsada, manyan kamfanoni sun cika shaguna da nasu garin. Ta ɗauki Jazuli gwajin wata uku. In kaya suka motsa, kujerar manaja tasa ce har da motar ofis. In ba su motsa ba, ya ajiye makulli.

Ranar farko ya ɗanɗana garin, ya yatsine fuska, ya ce wannan kunun kakanni ne. Ya sa aka zuba masa turaren abinci irin na alawar yara, da kala, har ya koma ruwan hoda. Ya ce leda kuma abin kunya ce, aka koma zubawa a wata roba fara tas mai murfin murɗawa.

Sai ya shiga ƙauyuka binciken kasuwa, da kwat da biro da doguwar takarda. Duk wanda ya tambaya yaya sabon kunu, sai ya ce madalla, Allah ya ƙara buɗi, har da ba shi cikakken suna ya rubuta. Mutum ɗari biyu, ba wanda ya kushe.

Kaya kuwa suka kama tafiya kamar ana rabawa kyauta. Mota ta fita maƙil ta dawo wayam. Jazuli ya daina taka ƙasa da dukan ƙafarsa.

Malam Barau, direban da ke kai kaya kasuwanni tun kafuwar masana'antar, ya same shi ya ce, "Ranka ya daɗe, game da robar nan, akwai abin da na gani."

"Malam Barau, kai da sitiyari, ni da tunani. Kowa ya riƙe nasa."

Barau ya ce to, ya koma motarsa.

Da wata uku ya kusa cika, Jazuli ya kawo wa Hajiya mataki na biyu. Tunda ɗanɗanon ne ya kama zukatan jama'a, a ninka turaren, a jefar da robar mai tsada, a koma leda. Riba za ta yi tsalle. Hajiya ta saurare shi har ƙarshe, ta ce ta ji, amma kafin ta sa hannu tana so ta ga masu shan kunun da idonta.

Barau ya ja su zuwa kasuwar wani ƙauye. Suna sauka, ga robar Jazuli ko'ina. A gaban mai yaji, a gaban mai daddawa, a kan 'yan fura. Jazuli ya kumbura har maɓallin kwat ya ce ƙas.

"Hajiya, kin gani? A Dubai wannan shi ake kira mamaye kasuwa."

Ya nufi wata dattijuwa mai man shanu, Baba Tasalla, wadda ta jera robar ta kai talatin. Ya zaro takarda ya ce ta faɗa a gaban kowa yadda take jin sabon kunu. Ta gyara mayafi ta ce madalla, Allah ya saka, ta kuma ce a rubuta Tasalla Audu, marayu shida take riƙo. Ashe duk ƙauyukan nan sun ɗauka Jazuli ma'aikacin gwamnati ne mai rubuta sunayen masu samun tallafi.

Hajiya ta matso kusa. Ta cire takalmi ta zauna a gefen tabarmar Baba Tasalla. Ta gaishe ta da gida da jikoki, ta taya man shanu, suka yi ciniki har da 'yar gardama. Sannan ta juya robar a hannunta ta ce, "Yaya, wannan mazubin naki ya yi kyau."

Nan bakin Baba Tasalla ya buɗe. Ta ce ai ba a taɓa kawo musu abu mai amfani irinsa ba. Murfi gam, kiyashi ba ya shiga, ko a kife mai ba ya zuba. A shagon robobi ma ba ka samun mai ƙwarinsa a wannan kuɗin.

"To garin da ke ciki fa?"

Baba Tasalla ta waiga, ta nuna bayan rumfa da haɓa. Ga wata akuya a ɗaure, gemu da leɓe duk ruwan hoda, tana kallon kwano kamar an yi mata laifi.

"Ita ma sai an haɗa mata da dusa. Jikana da ya sha sau ɗaya cewa ya yi sabulu aka dama."

Biro ya faɗi daga hannun Jazuli, tim. Barau ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Hajiya ta miƙa tafin hannu ba tare da ta dubi Jazuli ba, shi kuwa ya lalubo makullin motar ofis ya ɗora mata.

Baba Tasalla ba ta san abin da ake ciki ba. Ta jawo gefen kwat ɗinsa ta ce, "Ɗan nan, tunda kai na gwamnati ne, ka rubuta mana wannan. A roƙi masu kamfanin nan su riƙa sayar mana da robar babu garin. Ko sun ƙara kuɗi za mu saya, mu dai mu huta da zubarwa."