Notin Rikodar Baban Ladi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wani ɗan noti ya kusa raba ni da Ladi. Ƙarshen shekarun saba'in ne, ina gyaran rediyo a Dilimi, ina kuma neman aurenta.

Mahaifinta, Alhaji, ya kawo mini rikodarsa sabuwa fil, wai tana cin kaset. A hannun da ake ɗaukar rikodar na ga noti biyu irin da ban taɓa gani ba. Kansu faffaɗa kamar murfin tukunya, a tsakiya kuma ramin tauraro. Wani makaniki ya ce irinsu ake sa wa sababbin motoci da injunan kuza, don ba sa sakin jiki. Ni ban ji wannan ba, tauraron kawai nake kallo. Na goge ƙusa da magagari har ta shiga ramin, na kwance su. Na wuni ina juya su a tafin hannu, ina ganin ni da Ladi a bakin tafkin Naraguta da yamma, ruwa shiru.

Na maye gurbinsu da waya (a lokacin na ɗauka dabara ce). Na ɗaura wa ɗaya baƙin zare na ba Ladi, na ce daga ƙasar waje ya zo. Ban yi ƙarya ba.

Ranar Sallah na je gaisuwa, zaure cike da abokan Alhaji. Ya ɗaga rikodar don ya nuna musu aikin surukinsa. Hannun ya tsaya a hannunsa, rikodar ta faɗa cikin ƙwaryar fura.

Sai ga Ladi da ruwan sha, noti na lilo a wuyanta.

Alhaji ya dubi ramuka biyun, ya dubi wuyan 'yarsa, ya dube ni.

"Malam mai gyara, ɗaya na gani. Ɗayan fa? Ko akwai wata Ladin a Naraguta?"

Na so ƙasa ta tsage. In na yi shiru aure ya tafi. Na sa hannu a wuyan rigata, na zaro nawa zaren a gaban dattawa.

"Ga shi, Baba."

Wani tsoho ya yi dariya har ya ƙware.

An ba ni Ladi. Amma har Alhaji ya rasu "Tauraro" yake kirana, kuma ko tocila bai ƙara ba ni gyara ba. Tun daga ranar, in soyayya ta motsa mini, kasuwa nake zuwa in sayo ɗankwali.