Baƙar Robar Da Na Cire Daga Guguwar Baba

Akwai wata Laraba da ba na jin zan taɓa mantawa da ita, ko da zan so in manta. Ina aji biyu na babbar sakandare a Batsari, kuma ni ce yarinyar nan da ke zama a kujerar baya, wadda in malami ya kira sunanta sai ya sake kira kafin a ji muryarta.

Babana kafinta ne. Shekaru ya yi yana tari saboda garin katako, har ta kai in ya yi sujada sai mu ji ƙirjinsa na ƙara. Da magani ya ƙi ci, sai ya zauna ya haɗa wani abu da ya sa wa suna Guguwa. Wani babban mazurari ne na kwano da mai walda ya naɗe masa, a kafe bisa murfin bokitin fenti, da tsohon injin zuƙar iska a samansa. Tiyo na zuƙo garin ta gefe, iskar ta riƙa juyawa a ciki, garin ya gangara cikin bokiti, iska mai tsabta ta fice ta sama. Kullum in na kai masa abinci sai in tsaya ina kallo. Na san ƙarar da take yi in bokitin ya kusa cika, na san ƙusoshi nawa ke jikinta. A zatona babu abin da ban sani ba.

Da Malamar kimiyya ta ce kowa ya kawo abin nunawa ranar taron iyaye, sai na tsinci hannuna a sama (har yau ban san wa ya ɗaga shi ba). Burina ɗaya ne. Ina son mutanen da ke kiran Baba “mai tarkace” su ga abin da tarkacen suka zama.

Amma fa Guguwa ba ta da kyan gani. Abin da ya fi damuna shi ne wata baƙar roba ta cikin tayar babur, wadda Baba ya naɗe bakin bokitin da ita, duk ta yi ƙura da maiƙo. Da safen Larabar taron, yana masallaci, na wanke bokitin tas, na warware robar na jefa bayan shago, na ɗaura jan kirtani mai sheƙi a madadinta. Na ja da baya na duba, har da murmushi.

A makaranta an tada janareta, an zuba garin katako a faranti. Iyaye sun kewaye teburin, a gaba kuma ga shugaban kwamitin iyaye, wani Alhaji daga Yasore, cikin farar shadda, gemunsa baƙi ƙirin. Baba na can baya, ya riƙe hularsa a hannu. Na yi bayani da ’yar muryata, na ce kamar shiƙar hatsi ne, mai nauyi ya faɗi ƙasa, iska ta wuce. Malama ta gyaɗa kai. Na kunna.

Da kunnawa na ji ƙarar ba ita ba ce. Wani siririn fito ke fitowa daga bakin bokitin. Kafin in yi tunani, garin da tiyo ya zuƙa duka ya fito ta bututun sama, wanda ni da kaina na karkatar wajen baƙi don su ji iska mai tsabta.

Wuri ya yi tsit, sai atishawa. Alhaji ya shafa gemunsa, ya dubi hannunsa, ya ce, “Yarinya, na zo da ƙuruciyata, kin mayar da ni kakan kowa.”

Aka fashe da dariya. Ni kuwa na kafa ido a kan jan kirtanina, ina fatan siminti ya tsage.

Baba ya matso a hankali, ya tsuguna, ya shafa bakin bokitin.

“Uwata, ina robar?”

“Na cire, Baba.”

“Ta yi miki laifi?”

“Ta yi muni ne.”

Ya fita, ya kwanto robar ɗaurin kaya daga babur ɗinsa, ya naɗe bakin bokitin da ita tamau. Sannan ya miƙo mini tiyon, ya ce, “In iska ta samu kafa ta ƙasa, ita ke kwaso garin ta yi sama da shi. Sake kunnawa. Ke kika fara.”

Na karɓi tiyon, na kunna. Farantin ya zama wayam, ko ƙwayar gari ba ta fito ba. Alhaji, da furfurarsa ta aro, ya leƙa bokitin, ya ce ƙaninsa kafinta ne a Safana, shi ma tarin ya hana shi sakat, ko Baba zai haɗa masa irinta?

A hanyar gida ina bayan babur, na yi ta tunani. Na ƙirga ƙusoshin Guguwa, amma ban taɓa tambayar aikin abu ɗaya da na ji kunyarsa ba. Yanzu in na ga wani mummunan ɗauri a shagon Baba, ko a gidan kowa, hannuna a baya nake riƙe shi sai na tambaya. Jan kirtanin kuwa Baba ya rataye shi a ƙusa saman Guguwa. Ya ce a nan ya fi amfani.