Ƙofa Mai Son Murmushi

"Daga yau babu mai shiga filin nan da sanayya. Na'ura ba ta san ɗan gidan uban kowa ba."

Manajan ƙungiyar ƙwallo ke nan, wanda 'yan wasa ke kira Gwanin-na-iya a bayan idonsa. Wani ɗan kwas ya je a kan tafiyar da wasanni da kayan zamani, ya dawo yana taku kamar shi ya ƙera kwamfuta. Mai ƙungiya kuwa tuni ya ja masa kunne: shirme ɗaya ya rage, ya tattara nasa ya nasa.

Gogan naka ya kafa ƙofar ƙarfe mai gane fuska, shiga da fita sai da izininta. Ranar ɗaukar hoto ya tsaya a kan kowa, har mai ƙungiyar, yana cewa a washe baki, ƙungiyar zamani ba ta ɗaure fuska. Da haka na'ura ta haddace su, har shi kansa, haƙora a waje.

Ana nan sai aka je wasa, aka lallasa su ci biyar da nema. Motar 'yan wasa ta dawo, kowa fuska a murtuke. Kyaftin ya tsaya gaban ƙofa.

"Ba a san wannan fuska ba," in ji na'ura.

Manaja yana ciki, yana leƙe ta tsakanin ƙarafa. Ya roƙe su su ɗan yi fara'a. Gola ya ce in an zura masa biyar shi ma ya gwada. Manaja ya ba su labarin ban dariya, ko gezau. Har hannu ya miƙa ya yi wa kyaftin cakulkuli, ya sha duka a yatsu.

Sai ga mai ƙungiya, ransa a ɓace. Shi ma ƙofa ta ce ba ta san shi ba.

"Ranka ya daɗe, murmushi kaɗan kawai," in ji manaja, gumi na keto masa.

"Ni zan yi maka murmushi? To, na kore ka."

Faɗin haka ya yi wa bawan Allah daɗi har haƙoransa suka bayyana. Ƙofa ta buɗe. 'Yan wasa suka tuntsire da dariya, suka shige ɗaya bayan ɗaya.

Gwanin-na-iya ya rungumi jakarsa, ido ya kawo ruwa, ya nufi hanyar fita.

"Ba a san wannan fuska ba."