Gwajin Ƙafewar Ruwa

A wani daji da ke bayan duwatsu, inda dabbobi suka gaji da cin juna a fili suka koma yin taro, an kafa makaranta a gindin wata tsohuwar kuka. Malama Beguwa ce ke koyar da kimiyya. Ba ta da yawan fara'a, kuma ba a cika matsowa kusa da ita ba saboda ƙayoyin jikinta, amma a ajinta ba a gyangyaɗi. Ba ta yarda yaro ya haddace abin da bai taɓa da hannunsa ba. In darasin inuwa ne, sai ta fito da kowa rana ya ga tasa tana gajarta. In na nauyi ne, a jefa tsakuwa da busasshen ganye a ruwa a ga mai nutsewa. Yara kan koma gida da taɓo har kunne, iyaye na mita, su kuwa suna ɗokin gari ya waye.

Akwai kuma ɗaliban da ba sa iya zuwa gindin kuka, wato 'ya'yan kifin karfasa da ke wani kududdufi can bayan tudu. Majalisar Ilimi ta sa musu suna ɗaliban nesa, ta ɗauki Aku aikin kai musu darasi. Da safe ya saurari Malama ya je ya maimaita a bakin ruwa, da yamma ya dawo da amsoshinsu cikin muryoyinsu. Malama ba ta taɓa ganinsu ba, amma ta san mai rawar murya, ta san mai shegen tambaya, kuma tana ƙaunarsu ƙwarai. Ita kuwa Majalisa tana da doka guda da take tinƙaho da ita: abin da aka yi wa na kusa shi za a yi wa na nesa, ba ragi ba ƙari.

Da rani ya kama, darasi ya zo kan yadda rana ke shanye ruwa. Kowane ɗalibi ya cika ƙoƙo, ya tsoma tsinke a ciki, ya ajiye a rana, kullum ya duba inda ruwan ya koma. Kifi ba shi da hannun ɗaukar ƙoƙo, don haka Malama ta ce wa Aku, "Ka gaya musu kududdufin nan shi ne ƙoƙonsu. Su sa ido a kan saiwar gawon da ke bakin ruwa, su riƙa faɗa mini inda ruwa ya tsaya."

Da farko abin gwanin sha'awa. Aku ya dawo da murnar yara a bakinsa: "Malama, yau ruwa ya bar saiwar sama!" Bayan 'yan kwanaki: "Malama, mun ga ƙasan saiwar, ashe fara ce!" Sai wata rana ya dawo da ƙaramar murya, wadda ba ta ɗoki.

"Malama, ruwan ya yi ɗumi, numfashi na yi mana wuya. Innarmu ta ce wani icce ya faɗi ya toshe hanyar da ruwan kogi ke shigo mana. Wannan ma yana cikin darasin?"

Malama ta miƙe zumbur. Ta sallami aji, ta haura tudu, ta sami iccen kwance a magudana. Ta tura har ƙayoyinta suka kakkarye, ko gezau bai yi ba. Wannan aikin Giwa ne, Giwa kuwa ba ta ɗaga ko tsinke sai da izinin Majalisa.

Majalisa ta zauna a inuwar tsamiya, Gwanki na shugabanta. Malama ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ba dogon zance na zo da shi ba. Kududdufi na ƙafewa, yarana na ciki. A ba Giwa umarni ta ɗauke iccen nan yau, kafin rana ta ƙarasa abin da ta fara."

Gwanki ya gyara zama. "Malama, mun ji, kuma mun yaba. A gaskiya ba mu taɓa ganin darasin da ya shiga jikin ɗalibai kamar wannan ba. Dama abin da muke ta faɗa ke nan, a sa yaro cikin gwaji tsundum. To amma bari mu ji ta bakin mai kula da adalci."

Hawainiya ce mai kula da adalci. Ta juya ido ɗaya wajen Malama, ɗaya wajen shugaba, ta fara magana a hankali yadda take tafiya.

"Ranka ya daɗe, ni ma uwa ce, kuma zuciyata na wajen yaran nan. Sai dai ina da tambaya. Da ƙoƙon ɗan Zomo ya kusa ƙafewa, an ƙara masa ruwa? Ba a ƙara ba. Na ɗan Kurege fa? Shi ma haka. Malama da bakinta ta ce kududdufi shi ne ƙoƙon ɗaliban nesa. In muka buɗe musu ruwa ana tsakiyar gwaji, mun yi wa na nesa abin da ba mu yi wa na kusa ba. Gobe iyayen na kusa su zo su ce mun yi son kai, da wane ido za mu dube su? Ga shi kuma sakamakon zai lalace, wahalar yaran ta tafi a banza. Ni dai tausayinsu nake ji."

Wuri ya ɗauki gyaɗa kai. Malama ta ce, "Hajiya, ɗan Zomo ba a cikin ƙoƙonsa yake kwana ba."

"Wannan kuma batun muhalli ne," in ji Gwanki cikin lallashi, "ba na ilimi ba. Akwai kwamitinsa, yana zama da damina."

Aka yanke shawara cikin natsuwa: a bar gwaji ya kammala, sannan a ɗauke icce. Don kada a ce an yi watsi da ɗaliban nesa, za a tura babban sufeto ya tabbatar da lokacin da gwajin ya ƙare. Zalɓe, da ke cikin 'yan Majalisa, ya miƙa dogon wuyansa ya ce shi dai don Allah da yaran nan zai ɗauki wannan wahala.

Malama ta buɗe baki, Gwanki ya ce an rufe taro. Ta koma gindin kuka tana kuka a ɓoye, tana jin haushin kanta da haushin kowa. Ta ci gaba da aika Aku, ba da darasi ba yanzu, da saƙon su shige ƙarƙashin saiwa su yi lamo. Muryoyin da yake dawowa da su suka yi ta raguwa, har ranar da ya sauka a reshe ya kau da kai, bai dawo da murya ko ɗaya ba.

Zalɓe ya dawo gaban Majalisa cikinsa ya cika fam, da ƙyar yake tashi sama.

"Ranka ya daɗe, gwaji ya kammala lafiya. Ruwan bai kai mini idon sawu ba, saboda haka ba ɗalibin da ya ɓuya mini. Na gana da su ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake kowa ba, har da iyayensu. Ina ba da shawara a buɗe irin wannan aji a sauran kududdufai."

Aka tafa masa, aka ba Giwa umarni. Ta ɗauke iccen da hanci guda ta jefar, ruwan kogi ya kwararo, kududdufi ya cika ya batse. Kuma har yau Majalisa ba ta sami ƙorafi ko ɗaya daga ɗaliban nesa ba.