Injiniya Shitu Ya Fita Neman Ɗumi

Duk wanda ya sauka a Xiaobei, unguwar 'yan kasuwarmu a birnin Guangzhou, har ya tafi bai gaisa da Injiniya Alhaji Shitu Tankari ba, to ya daina cewa ya zo ƙasar Sin. Mutum ne da Allah ya hore wa sanin komai, har da abin da ba a ƙera ba tukuna. Shagonsa yana hawa na huɗu a ginin Tianxiu, faɗinsa tabarma biyu, amma allon da ke bisa ƙofar sai da ya ci rabin bangon maƙwabci kafin sunan kamfanin ya ƙare. Injiniyancin ma ba a makaranta ya samo shi ba, ina! Shekarun baya ne ya loda kwantena guda ta fankoki zuwa Kano, fankokin suka isa suna juyawa, shi ke nan ya je ya bugo katin kasuwanci da sunan Injiniya. Mu maƙwabtansa a gabansa Injiniya muke cewa. A bayansa kuwa Rediyon Hawa Huɗu, don tashar ba ta da lokacin rufewa.

Sinancinsa kalma uku ne: ni hao, lawban, meyo. Wato sannu, maigida, babu. Da su ya shekara shida yana yi wa sababbin zuwa tafinta, kuma har yau bai taɓa yarda shi ne bai gane ba. Kullum Basinen ne bai iya yarensa ba.

A watan Janairun bana mahaifiyarsa, Hajiya Lauratu, ta zo daga Kano a yi mata aikin gwiwa. Sai aka yi rashin dace ta sauka a tsakiyar sanyi. Sanyin Guangzhou ba na ƙanƙara ba ne, jiƙaƙƙe ne, ya bi bango ya shige ƙashi, ya yi 'yan makonninsa ya wuce. Likita ya sa ranar aiki, ashirin da uku ga wata, ya kuma ja kunne cewa in tsohuwa ta kamu da mura ko tari, sai an ɗaga. Ga bizarta ta wata ɗaya ce rak. In aka ɗaga, da gwiwar da ta zo za ta koma, ta ci gaba da salla a kan kujera kamar yadda ta shekara huɗu tana yi. Wallahi ta ba mu tausayi, don ita duk burinta ta sake kai goshinta ƙasa.

Mahamadou, wani mutumin Maradi mai sarin atamfa, shi ya fara yin kuskuren ba da shawara. Ya ce, "Injiniya, ka sauka ƙasa ka sayo 'yar hita mana, yanzu-yanzu Hajiya ta ji ɗumi."

Injiniya ya dube shi daga hula har takalmi, sannan ya miƙe tsaye, don ba ya iya yin bayani a zaune.

"Hita? Uwata? Mahamadou, hita ta ɗalibai ce da masu gadi. Ta zuƙe maka wuta, ta ba ka ɗumi cikin cokali. Duniya ta wuce nan. Yanzu akwai inji, hit-fam ake ce masa. Ba ya ƙona komai. Iskar waje yake kamawa, ya tatse ɗan ɗumin da ke cikinta, ya turo maka ɗaki. Ka ba shi wuta mudu ɗaya, ya mayar maka da ɗumi mudu huɗu. Wannan ilimi ne, ba yadin atamfa ba."

Bayanin dai babu ƙarya a ciki. Abin da ya manta bai faɗa ba, shekaranjiya ya fara jin sunan abin, a wani bidiyo na minti uku. Nan take muka raɗa wa injin suna famfon ɗumi, muka kuma ɗauka gobe ko jibi za a kafa shi.

Ashe ba mu san Injiniya ba. Shi ba ya saye, zaɓe yake yi, zaɓe kuma yana buƙatar kayan aiki. Ranar farko ya sayo doguwar kwat baƙa mai kai idon sawu. Rana ta biyu ya sayo jakar hannu ta zuba takardun talla. Rana ta uku ya dawo da wata 'yar bindigar auna zafi mai jan haske, ya shiga harbin duk abin da ya gitta: bango, kofin shayi, buhun kaya, goshin Mahamadou. Kowa ya harba sai ya girgiza kai ya rubuta a littafi. Me yake rubutawa, Allah masani. Saura kwana goma sha biyar a yi aiki.

Daga nan ya fantsama shagunan unguwar Tianhe. Sharaɗinsa na farko, dole injin ya zama mai koriyar takarda, daraja ta ɗaya wajen tsimin wuta, don gidansa ba a shigar da abu mai daraja ta biyu. Aka nuna masa guda, ya ce launinsa na asibiti ne. Aka nuna masa wani, ya ce wani ɗan Kumasi a hawa na shida yana da irinsa, shi kuma ba ya bin sahun kowa. Aka kawo na uku, mai shago yana ta yabon cewa ko tari ba ya yi, shiru kake ji. Injiniya ya ture takardar.

"Injin da ba a jin ƙararsa, ta yaya maƙwabta za su san an saka?"

Da Tianhe ta gaza, sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Foshan, inda masana'antun suke. Ni na raka shi ranar, don haka wannan ba ji na yi ba. Muka samu wata mata, Madam Lin, mai haƙuri ƙwarai, tana magana a waya, wayar tana fassarawa. Ta tambayi girman gidan. Gidan Injiniya ɗaki biyu ne da falo, na sha shiga. Amma akwai wasu Larabawa biyu a gefe suna saurare, saboda haka ya gyara kwat ya ba ta faɗin da ko masallacin Juma'a ya gode. Ta ce a wane gari? Ya ce Guangzhou. Matar ta rufe baki da hannu, ta ce ai ƙaramin inji ma ya ishi sanyin nan. Injiniya ya ce shi wanda ake kai wa arewacin Sin yake so, mai aiki ko da ruwa ya daskare a famfo.

"In ƙanƙara ta sauko fa? Ka tambaye ta!" ya ce da ni, kamar ni ne wayar.

Madam Lin ta ce tun da aka haife ta sau ɗaya ta ga alamar ƙanƙara a garin, ita ma kafin ta taɓa ƙasa ta narke.

"Ka ji ko? Sau ɗaya! Da bakinta ta faɗa. Injiniya ba ya shiri don jiya, don gobe yake yi."

Muka dawo da takardu cike da jaka, ba inji. Saura kwana tara.

Da yamma mukan bi shi gida gaishe da Hajiya. Mu same ta a falo a ƙudundune cikin bargo uku, safa har a hannu, idanu kawai ake gani. Matarsa Rekiya ta ajiye mana shayi ta koma gefe. Shi kuwa sai ya harbi bango da bindigarsa, ya sanar da sakamako, ya baje takardu a gaban tsohuwa, ya buɗe tasha. Bambancin inji mai ɗumama ruwa da mai ɗumama iska, awa ɗaya. Tarihin koriyar takarda, awa ɗaya. Yadda Madam Lin ta gigice da jin zurfin iliminsa, wannan ba shi da ma'auni. Hajiya tana cewa "Allah ya yi albarka," shi kuma yana ɗauka cewa take yi ya ƙara.

Ni dai raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Mahamadou ma ya kasa daurewa, ya sayo hita ya naɗe a leda ya kai har ƙofa. Injiniya ya tare shi a bakin lif, ya ce a mayar, gidansa ba wurin gwajin kayan ƙauye ba ne. Kullum da safe tambayar da muke yi wa juna a hawa na huɗu ɗaya ce: Hajiya ta fara tari?

Ana saura kwana huɗu Allah ya taimake mu ya zaɓa. Saƙo ya shigo zauren 'yan kasuwa na waya da manyan baƙaƙe: BIKIN ƘADDAMAR DA ƊUMI, gobe ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a gidan Injiniya. A ƙasa ya rubuta kada kowa ya faɗa wa mutanen gida, so yake ya ba mahaifiyarsa mamaki.

Washegari muka hallara a ƙofar ginin, mu goma sha biyu, kowa hannu a hammata. Sai ga babbar mota ta shigo da baya. Tabɗijam! Injin da ke kanta ya kai girman adaidaita-sahu, da fankoki biyu a ka. Daga baya muka ji irin wanda ake sa wa otal ne mai ɗaki arba'in da wurin ninkaya. Koriyar takardar tana nan a gefe, Injiniya ya tsaya kusa da ita aka ɗauke shi hoto sau shida. Mai gadin ginin ya zo ya dubi injin, ya dubi ƙofar lif, ya furta kalmar da ko Injiniya ya gane ba tare da waya ba: "Meyo."

Mai haɗa injin wani dattijo ne mai furfura, Mista Chen. Ya ɗaga kai ya ƙirga benen har hawa na goma sha tara, ya sosa ƙeya, ya yi nuni a hau ya ga gidan tukuna. Muka ɗuru a lif, Injiniya a gaba, ya sa mabuɗi a hankali don kada a ji, ya banka ƙofa.

Wani ɗumi ya dake mu a fuska, mai daɗi, irin na ɗakin da aka sauke tuwo. Ga Hajiya Lauratu a kan kujera, zani ɗaya da 'yar riga, ƙafa ba safa, tana ɓare lemo. Ga Rekiya a ƙasa tana yi mata tausa, suna kallon talabijin suna ta dariya. Bargunan nan uku suna ninke a lungu. Suka gan mu, dariya ta tsaya.

Injiniya ya zaro bindiga ya harbi bango. Ya duba. Ya sake harbi. Sai fuskarsa ta washe, ya juyo gare mu ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, kun shaida? Ko sauke shi daga mota ba a yi ba! Ko waya ba a jona ba! Tun daga ƙasa, hawa goma sha tara! Wannan shi ne daraja ta ɗaya. Mahamadou, ina hitarka?"

Wallahi har wani a bayana ya ce, "Ikon Allah."

Mista Chen ya ratsa mu. Ya taka ya ɗauki rimot a gefen Hajiya, ya nuna esi, na'urar sanyaya ɗakin nan da ke manne a bangon falo, wanda bakinsa ke buɗe yana huci a hankali. Ya yi magana a wayarsa ya miƙo. Mahamadou ya yi wuf ya karɓa, ya karanta mana da murya irin ta mai sanarwa a tasha:

"Maigida, ai kana da hit-fam. Ga shi nan. Ka danna hoton ƙanƙara, ya ba da sanyi. Ka danna hoton rana, ya ba da ɗumi. Kowane ɗaki akwai ɗaya. Kuma daraja ta ɗaya ne."

Muka ɗaga kai gaba ɗaya. Koriyar takarda tana nan a gefen esin, ta ɗan yi ƙura.

"Esi?" in ji Injiniya. "Esi sanyi yake yi! Tun ina yaro sanyi yake yi!"

A nan kam ba wanda ya yi dariya, don gaskiya a faɗe ta: mutumin Kano da na Maradi, wa zai ce masa a nemi zafi a jikin esi? Rabinmu muna da irinsa a ɗaki, muna kwana da kwat a ƙarƙashinsa. Na ga mutum uku suna leƙen hoton ranar nan a ɓoye don su gane shi in sun koma. Bambancinmu da shi, mu ba mu buga kati ba.

Ya juya kan matarsa. "Ke kuma kin sani, kika yi shiru?"

Rekiya ta sunkuyar da kai. "Na faɗa, Alhaji, tun shekarar da muka tare. Ka ce in tsaya a kan tukunyata."

"To da Hajiya ta zo fa? Kullum na dawo gidan nan sanyi ƙalau!"

"Kashewa muke yi in ka kusa dawowa, mu buɗe tagogi."

Sai Hajiya ta ajiye lemonta, ta goge hannu da gefen zani.

"Auta," ta ce. Ba mu taɓa jin an kira shi haka ba, shi ma da alama ya daɗe bai ji ba, don kwat ɗin kamar ta yi masa yawa. "Kada ka ga laifin yarinyar nan, ni na hana ta. Likita abu biyu ya ce, kai ɗaya ka ji, don kana ta yi masa bayanin gwiwa. Ya ce in samu ɗumi, in samu hutu. Ɗumin ga shi a bango. Hutun kuwa ba ya samuwa sai ka fita."

Esin yana ta hucinsa. Daga can ƙasa direban motar yana ta danna oda. Hajiya ta miƙa hannu, Mista Chen ya mayar mata da rimot da hannu biyu.

"Lafiyata lau, ko atishawa ban yi ba," ta ce. "Amma ka ga aikin nan saura kwana uku. Don Allah, Auta, babu wani injin da ya rage ka je ka zaɓo?"